Ƙyallen takarda a bakin tasha

Yau da yamma na shiga jirgin ruwan nan Queen Elizabeth 2, wanda ya daina tafiya a 2008, aka mai da shi otal a tashar Mina Rashid da ke Dubai. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani tsohon hoto na ranar da jirgin yake barin tashar Southampton da ke Ingila: fasinjoji sun yi layi a gefen bene, kowa ya jefa dogon ƙyallen takarda mai launi zuwa ƙasa, wanda ya rako shi ya cafe ɗaya bakin. Haka za su yi ta riƙo, jirgi yana janyewa sannu a hankali, har takardar ta miƙe ta tsinke.

Na daɗe a gaban hoton nan. Bara da na yi balaguron mako guda a Bahar Rum, babu wanda ya jefa komai, domin an daina saboda ƙazantar da teku, kuma masu rakiya ba sa wuce shingen jami'an tsaro. Kowa waya ya ɗaga yana ɗaukar hoto. Na fahimci dalilin dainawar, amma raina ya so a ce mahaifiyata ce ta riƙe ɗaya bakin takardata ranar da muka tashi.