Riƙon Kyanwa a Manchesta

Na sauka Manchesta a ƙarshen watan Oktoba na 2023 da bizar aikin kula da tsofaffi. Kwana biyu da zuwana aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin Disamba ta yi nisa kuwa rana na faɗuwa ƙarfe huɗu bai cika ba. Da duhu nake fita, da duhu nake dawowa. An gaya mini labarin sanyi tun ban taso ba, na kuma yi masa shiri. Shirun da ke cikin ɗaki ne ya zo mini ba zato. In turo ƙofa, in yi sallama bisa sabo, babu mai amsawa.

Aikina gida-gida ne. In je in taimaka wa tsoho ya yi wanka, in tabbatar ya sha magani, in rubuta abin da na yi, in wuce na gaba. Cikin waɗanda nake zuwa wa akwai wata dattijuwa da ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai da kyanwarta, wata tsohuwar mage mai ruwan toka da farin ƙirji. Kullum na shiga, kafin ta yarda in auna mata magani sai ta tambaye ni ko na duba kwanon ruwan kyanwar. A watan Fabrairu ta faɗi a banɗaki. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi, gidan kuma ba ya karɓar dabbobi.

Ma'aikaciya irina ba ta da hurumin ɗaukar komai daga gidan wanda take yi wa aiki, ko da mai rai ne. Na sanar da shugabarmu, ita ta kira ɗan matar, wanda ke zaune a wani gari mai nisa kuma jikinsa ba ya shiri da gashin kyanwa. Shi ya nemo wata ƙaramar ƙungiya ta 'yan sa kai masu ceton dabbobi. Da yardar shugabarmu na tsaya ranar da za su zo in buɗe musu ƙofa, domin ni kaɗai ce kyanwar ba ta gudu in ta gani.

Na yi zaton mota zan gani mai tambari, da ma'aikata cikin kayan aiki. A Ingila akwai manyan ƙungiyoyi irin haka: RSPCA tun 1824 take, gidan Battersea na Landan tun 1860, Cats Protection tun 1927. Wadda ta zo wata mata ce mai furfura cikin tsohuwar ƙaramar motarta, da keji a hannu. Ƙungiyarsu ba ta da gini ko ɗaya, ba ta biyan kowa albashi. Duk dabbar da suka karɓa, a gidan wani daga cikinsu take zama har ta sami mai ɗauka. A ranar kuwa ko wuri ɗaya babu, ga wasu a layi suna jira. Ta tsaya tana kallon yadda kyanwar ta fito daga ƙarƙashin gado tana goga kanta a ƙafata, sai ta tambaye ni ko zan iya riƙe ta na ɗan lokaci.

Nan take na jero mata dalilan da suka hana. Haya nake yi, bizata a ɗaure take da aikina, ban san inda zan kasance bayan shekara uku ba, kuɗin da nake samu kuma akwai masu jiransa. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta bambance mini abu biyu da na ɗauka ɗaya ne. Wanda ya ɗauki dabba ɗungurungum, ta zama tasa, ci da sha da magani duk a wuyansa, kuma kyanwa na iya kai shekara goma sha biyar ko fiye. Mai riƙo kuwa ɗaki da lokaci kawai yake bayarwa. Dabbar ta ƙungiya ce, su za su kawo abinci da yashin da take bayan gida a ciki, su za su biya likita. In aiki ya ɗauke ni zuwa wani gari gobe, sai in kira su su zo su karɓa.

Sai da na samo izinin mai gidan hayata a rubuce. Ya ɗan yi jinkiri, ya amince da sharaɗin kyanwa kawai. Wata daga ƙungiyar ta zo ta duba ɗakin, ta taɓa tagogi ta ga ko suna rufuwa da kyau, ta tambayi awa nawa nake yi a waje. Ta gargaɗe ni kada in bar ta fita ko da wasa, kuma kada in shigo da furen lili, domin guba ne ga kyanwa, yana kashe ƙoda.

Kwana huɗu kyanwar nan ta yi a bayan firji. Sai na kashe fitila nake jin ƙarar kwanonta. Na kira matar ƙungiyar hankalina a tashe, ta ce in ƙyale ta, kada in jawo ta, in dinga zama a ƙasa ina magana a hankali. Da wane harshe zan yi mata magana? Na yi mata da Hausa. Ina ba ta labarin wunina, wanda ya ƙi shan magani, motar bas da ta wuce ta bar ni a ruwa. Daren na biyar na idar da sallar isha ina zaune a kan darduma, sai na ji ɗumi a gefen cinyata. Ta kwanta, ta naɗe ƙafafunta, tana wannan gurnanin nasu na jin daɗi. Ban motsa ba har ƙafata ta yi tsami.

Da na gaya wa mahaifiyata a waya, ta yi shiru sannan ta ce, "Ke da muka tura neman na kai, shi ne kika koma rainon mage?" Na ce, "Umma, wallahi ko sisi ba na kashewa, kuma yanzu in na shigo akwai mai tarona." Ita da kanta ta tuna mini hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, da yadda Abu Huraira ya sami sunansa saboda 'yar kyanwarsa. Ta ce, "To ki riƙe amana." Ƙanina dai har yau yana ganin mutane sun fi cancanta da wannan ɗawainiyar. Ban taɓa ce masa ƙarya yake yi ba. Abin da nake turawa gida bai ragu da ko fam ɗaya ba, kuma ni na san halin da nake ciki kafin zuwan dabbar nan.

Wata huɗu ta yi a wurina. Tsofaffin kyanwoyi sun fi daɗewa ba a ɗauka ba, kowa ƙanana yake so. A tsakanin nan aka cire mata haƙora biyu da suka ruɓe, na ga takardar kuɗin da idona. A ƙasar nan mutum yana ganin likita a NHS, wato tsarin lafiya na gwamnati, ba tare da ya biya a wurin ba, amma dabba ba ta da irin wannan gatan. Kuɗin likita ne ke cinye yawancin abin da ƙungiyar ke tarawa. Kuɗin da mai ɗaukar dabba yake biya ba ya rufe abin da aka kashe a kanta: allurar rigakafi, maganin ƙuma da tsutsar ciki, aikin hana haihuwa, da 'yar na'urar shaida da ake sakawa a ƙarƙashin fatar wuya. Wannan na'urar ta zama dole ga karnuka tun Afrilun 2016, ga kyanwoyi a Ingila kuma tun 10 ga Yunin 2024, kafin su cika mako 20, tarar ƙin sakawa na iya kai fam 500. Wasu miji da mata da suka yi ritaya ne suka ɗauki tsohuwar kyanwar. Na haɗa musu bargonta da kwanonta, na rubuta abin da take so da abin da ba ta so. Da motarsu ta sha kwana na koma ciki na yi kuka sosai. Hoton da suka turo, tana kwance a bakin taga, shi na kai wa dattijuwar a gidan tsofaffi ranar hutuna. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

Ban yi mako biyu ba aka sake kirana. Damina ce ta 'ya'yan kyanwa, wato daga bazara zuwa ƙarshen lokacin zafi, sa'ad da wayar ƙungiyar ba ta hutawa. Mage na iya ɗaukar ciki tana da wata huɗu, cikin kuma mako tara ne kacal, shi ya sa ba sa wasa da aikin hana haihuwa. Wata mage ce aka tsinta a rumbun bayan wani gida da 'ya'ya huɗu, idonsu bai buɗe ba. Aka ba ni ma'aunin kicin da littafi, in auna kowanne kullum, ana so ya ƙara kamar giram 10 a rana. Uku suna hawa. Na huɗun, wani ɗan baƙi, ya tsaya cak. Na koyi dama madararsu ta musamman, domin ta shanu tana ɓata musu ciki, in ɗiga masa da sirinji yana kwance a kan cikinsa, in sa kwalbar ruwan ɗumi a naɗe cikin tawul kusa da shi. Na roƙi canjin aiki da wata abokiyata don in kwana a kansa. Kwana na uku da asuba ya mutu a tafin hannuna. Likita ta ce hakan na faruwa ko an yi komai daidai. Na ji ta, amma sai da na yi kwanaki ina buɗe littafin nan ina bin lambobin.

Ta hanyar ƙungiyar nan na fara shiga gidajen mutane ba da rigar aiki ba. Cikinmu akwai direban tasi mai kai dabbobi asibiti kyauta, akwai malamar makaranta mai riƙe lissafi, akwai wata 'yar Poland da ta riga ni zuwa da shekaru, ita ta nuna mini yadda ake neman lasin tuƙi. Sun san ba na ajiye kare a gidana, ba wanda ya taɓa matsa mini. Ina karɓar barguna in wanke, ranar Asabar in tsaya a teburin sayar da kayan gwanjo da ake tara musu kuɗi. Duk wata kuma banki na cire ɗan abin da na ware. Da yake ina biyan haraji a nan, na cike takardar Gift Aid, wadda ke sa gwamnati ta ƙara musu kashi 25 cikin 100 a kan abin da na bayar.

Yanzu wata ƙaramar mage ce a wurina, mai tsoron mutane ƙwarai, kunnenta ɗaya a yage. Daren 5 ga Nuwamba da garin ya ɗauki ƙarar wasan wuta, na ja labule, na kunna rediyo, na zauna a ƙasa kusa da kwalin da ta shige. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta miƙo hancinta ta shinshina yatsana, ta koma. Jiya matar ƙungiyar ta turo saƙo cewa wasu na son zuwa ganinta ranar Lahadi. Na amsa cewa su zo da yamma bayan na tashi aiki, su kuma cire takalma a ƙofa, ƙararsu na firgita ta.