Kar ku yi watandar littafi in an ba ku aikin gurup

Ƙannena masu shigowa sashen adabin Larabci, musamman ku da kuka taso daga Islamiyya kuna ji da nahawu, ga magana tun kafin a kasa ku gurup-gurup a ce ku kawo bahasi. In an ba ku littafi ku yi nazari kar ku kuskura ku raba shi babi-babi a tsakaninku. Aiki za ku raba, amma littafin kam kowa ya karance shi tas daga bango zuwa bango. Ni da hannuna na yi wancan rabon a Khartum har ina ganin na yi dabara, shi ya sa nake da bakin magana.

Kafin yaƙin nan ne na Sudan da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa mu. Duktur ɗin da ke ɗaukarmu darasin naƙadi, wato nazarin adabi, ya ba gurup ɗinmu riwayar (ƙagaggen labarin) Ɗayyib Salih, Mausimul Hijra ilash Shamal, wadda ta fito a 1966. Mu biyar ne kuma duk Hausawa, don dai kun san halinmu da an ce a zaɓi abokan aiki sai kowa ya nemi wanda za su yi yare. Ni da wasu 'yan Najeriya biyu, sai wani Badamagare, sai wata Bahaushiyar Sudan 'yar Mai Wurno, garin nan na bakin Nil Azraƙ kusa da Sinnar, kakanninta suna cikin jama'ar da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Aka ce ni ne shugaba, ba don komai ba sai don na fi kowa surutu kuma in na miƙe ina fusha, wato tsantsar Larabci, ba na kuskuren nahawu. Na duba littafi naga babi goma ne, mu biyar, nace ai lissafi ya fita, kowa bibbiyu, a zaune wajen mai shayi muka gama rabon kafin shayin ya huce.

To matsalar ita ce littafin ba a jere aka gina shi ba. Mustafa Sa'id, mutumin da aka gina labarin a kansa, ya ɓace a ambaliyar Nilu tun labari bai yi nisa ba, a babi na ƙarshe kuma sai ga shi mai ba da labarin da kansa a tsakiyar kogin nan yana neman nutsewa, ya kasa kaiwa gaɓar arewa ya kasa komowa ta kudu. Wanda ya karanta ɓacewar Mustafa daban, ni da na ɗauki babi biyun ƙarshe daban, ba wanda ya ga cewa abu ɗaya ne ake maimaitawa. Haka kisan da Mustafa ya yi wa matarsa Baturiya Jean Morris a Landan, an ambace shi tun farko-farko amma ba a ba da yadda ya faru ba sai dab da ƙarshe, kuma kafin a kai nan an riga an nuna maka Husna bint Mahmud, matar da Mustafa ya bari, ta kashe tsohon nan Wad Rayyis da aka aura mata dole sannan ta kashe kanta. Kisa biyu, duka a ɗakin aure, ɗaya a Ingila ɗaya a ƙauye a bakin Nilu, marubucin ya ajiye su kusa da juna da gangan. Mu kuwa ɗaya na hannun Badamagare ɗaya na hannuna, kuma ba mu taɓa zama mun tattauna ba, kowa dai ya turo nasa a WhatsApp.

Ni abin da na rubuta ma in kun gani sai kun yi dariya. Shafi wajen shida na farautar balaga, ga tashbihi (kamantawa) nan, ga isti'ara (aron kalma) can, wannan kinaya ce (sakaya zance), har da i'irabin wasu jimloli don in nuna na yi Alfiyya. Duk daidai ne fa, ba kuskure ko ɗaya, sai dai ba su amsa komai ba. Ka ce ga isti'ara, to sai me? Me ta yi a wurin, me ya sa a bakin Mustafa ta fito ba a bakin kakan mai labarin ba, in aka cire ta me zai ragu? Ban taɓa yi wa kaina waɗannan tambayoyin ba. Abin haushin kuma mun karanta Abdulƙahir Aljurjani a aji, mutumin da ya rasu tun 471 Hijira, wanda duk maganarsa a kan nazmu ita ce kyan zance ba a kalma ɗaya tilo yake ba, yana cikin yadda aka jera ta da 'yan uwanta da dalilin gabatar da wannan a jinkirta waccan. Na haddace wannan na ci jarabawa da shi, amma da aka miƙo min littafi na gaske sai na koma ƙirga.

Ban da 'yar Mai Wurno, sauran ukun su kuma taƙaita labari suka yi. Wane ya tafi, wane ya dawo, sai aka yi kaza. Wannan ita ce cutar da ta fi kama mu, mu ɗauka ba da labari shi ne nazari, alhali duktur ya karanta littafin tun ba a haife mu ba, ba ya bukatar ka gaya masa abin da ya faru. Abin da yake nema shi ne ka yi da'awa guda ɗaya wadda wani zai iya musa maka, sannan ka kare ta da shafi da layi. Misali ka ce mai ba da labarin nan ba amintacce ba ne, yana ƙin Mustafa ne don yana ganin kansa a jikinsa. Hujja? Shi ma shekara bakwai ya yi a Turai yana karatu, Mustafa kuma shekara bakwai aka yanke masa a kurkuku. Da ya buɗe ɗakin nan na sirri da Mustafa ya bar masa mukullinsa, fuskar da ya fara gani a duhu ya zaci ta abokin gabarsa ce, ashe madubi ne, tasa ce. Kuma har littafin ya ƙare ba a faɗi sunansa ba. Kaga wannan ana iya ja da kai a kai, kai ma kana da abin riƙewa. Sannan dan Allah ku daina rubuta "marubucin ya ce" a duk inda mai labari ya yi magana, Ɗayyib Salih daban, rawi daban, a wannan kaɗai an zabge mana maki.

Ita 'yar Mai Wurnon nan bayan babinta biyu sai na ƙara mata da taipin, don ita ke da laftof kuma ba ta da hayaniya, a raina na riga na yanke cewa wanda baya magana a taro bashi da abin cewa. Ashe saboda taipin ɗin ita kaɗai ce ta ga aikin kowa, kuma da taga abin baya haɗuwa sai ta je ta karanta littafin gaba ɗaya. Ta same ni tace Malam, ka lura kuwa kogin da ya ci Mustafa shi ne wanda mai ba da labarin ya faɗa ciki a babinka na ƙarshe, ko za mu gina bahasin a kan wannan? Nace mata lokaci ya ƙure, ki dai haɗa abin da aka turo miki. Ko kallon takardar da ta rubuto ban yi ba. Bayan haka ma ita ce ta san duniyar littafin fiye da mu duka, duk da tana cewa ƙauyen labarin na arewa ne ita kuwa 'yar Sinnar ce, al'adun ba ɗaya ba ne sak. Amma ta san yadda kogi ke cika da damina har ya haura gonaki, ta san me ake nufi da injin ban ruwa ya maye gurbin saƙiya, wato tsohon keken ɗebo ruwa daga kogi, ta san irin zaman hirar tsofaffin nan da nauyin a ce an bar maka wasiyyar mata da 'ya'yan wani. Mu 'yan Kano da Sakkwato a takarda kawai muke ganin waɗannan. Muna da irin wannan a gurup amma na ajiye ta tana gyara mana hamza da ta marbuɗa.

Ranar munaƙasha, wato ranar kare bahasi a gaban aji, na miƙe na zuba fusha son raina, har ana gyaɗa kai. Da na gama duktur yace madalla, to gaya min, me ya sa aka ce a shekarar 1898 aka haifi Mustafa Sa'id? Ban ma san an faɗi shekarar haihuwarsa ba, ba a babina take ba. Shekarar yaƙin Karari ce, da sojojin Kitchener suka karya daular Mahdiyya a bakin Umdurman, daga nan mulkin Ingila da Masar ya kafu a 1899 har zuwa 'yancin kai a 1956. Wato an haifi mutumin ne tare da mulkin mallaka, duk abin da ya je ya aikata a Landan sai ka karanta shi da wannan a ranka. Ita ce ta amsa daga inda take zaune, cikin muryar nan tata da sai ka kasa kunne. Makin da ya cece mu daga nan ya fito.

Yanzu in ni ne ku, ga yadda zan yi. Sati na farko ba rabo ba komai, karatu kawai, kowa da biro yana alama a duk abin da ya dawo sau biyu, ko wuri ne ko adadi ko wani hoto. Sannan a zauna ido da ido a yi ta musu har a tsaya kan tambaya ɗaya, a nan ne za a raba aiki, kuma rabon ta fuska ake yinsa ba ta shafi ba. Wani ya bi rawi, wa ke magana, yaushe, me ya sani me yake ɓoyewa. Wani ya bi lokaci da yadda aka gutsuttsura shi. Wani ya je laburare ya kwaso tarihin zamanin. Mai son balaga irina a bar shi da salo amma da sharaɗin duk abin da ya kamo sai ya faɗi aikin da yake yi a wurin, in ba haka ba a goge. Kuma lallai a sa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai ya ƙi yarda, duk da'awar da aka kawo yace ina shafin, gara ɗan uwanka ya kunyata ka a ɗakin hostal da duktur ya yi maka a gaban aji. Taipin kuwa a yi karba-karba, kar a mai da shi na mata ko na masu shiru.

Shugabanci shi ma ku sake masa kallo. Ni na ɗauka shugaba shi ne mai gabatarwa, mai rabawa, mai tsawa in an makara. Aikinsa na gaskiya ya tabbatar wanda bai yi magana ba an tambaye shi, kai tsaye da sunansa, a kuma jira amsarsa ko da za a yi shiru na ɗan lokaci. In kai ne kullum mai gabatarwa to wannan karon karɓi aikin laburare, in ke ce kullum mai rubutu a bayan fage ki ce ke za ki tsaya gaban aji, zai yi ɗaci amma jami'a ce, nan ne wurin gwadawa. Akwai kuma wanda zai ce shi dai zai biya kuɗin fotokofi da shayi a sa sunansa, mu ma mun yi da irinsa a wani gurup ɗin na rufa masa asiri saboda kara, har ya gama shekarar bai iya warware baiti ɗaya ba. Ba taimako na yi masa ba.

Sai takardar nan ta auna kai da wasu malamai ke cewa kowa ya haɗo da bahasi, ka faɗi rawar da ka taka da abin da ka koya. Mu Hausawa nan muke rikicewa, kunya ta hana ka faɗin abin da ka yi, kara ta hana ka faɗin inda aka samu matsala, sai ka cika shafi da alhamdu lillahi mun yi aiki cikin haɗin kai da fahimtar juna. Haka na rubuta tawa, kalma ɗaya ta gaskiya babu. Ba yabon kai ake nema ba kuma ba tonon silili ba, abu ne mai sauƙi, ka rubuta abin da ya faru yadda wani zai iya bincikawa. Na karanta babi kaza ban karanta kaza ba. An kawo min shawara a kan kogi na ƙi saurara, ga abin da hakan ya jawo. Na iya gano isti'ara amma har yanzu ban iya bayanin amfaninta ba, zangon gaba zan riƙa rubuta jimla ɗaya ta dalili a ƙarƙashin kowace. In ka rubuta haka kai kanka ka samu abin dubawa bayan wata shida, kuma ba sai ka ambaci sunan kowa da sharri ba, naka ɓangaren kawai aka tambaye ka.

Na san da yawanku yanzu karatun ta waya kuke yi, wasu na Bur Sudan wasu sun koma gida wasu sun wuce Masar ko Madina, haɗuwa wajen mai shayi ta yi wuya. To ko kiran murya ne na awa ɗaya ku yi bayan kowa ya gama karantawa, kar ku tsaya a tura fayil kawai. Kuma ku tabbatar bugu ɗaya ne a hannunku duka, don littafin nan an sha buga shi a wurare daban-daban, PDF ɗin da ke yawo ma ba iri ɗaya ba ne, in ka ce shafi na 40 ɗan uwanka ya buɗe ya ga wani abu daban to musun ma ba zai yiwu ba.