Na je Hamburg ganin jirage, duwatsu da gidaje suka riƙe ni

Akwai wani faffaɗan tebur a ɗakina na baya da iyali suka bar mini. A kansa na shimfiɗa digar ƙaramin jirgin ƙasa, ina gina tsauni da 'yan gidaje a gefenta duk lokacin da na samu sarari. Saboda haka da tafiyata Jamus wajen ƙanina ta tabbata, abin da na fara roƙonsa shi ne ya kai ni Miniatur Wunderland, wani katafaren wurin baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da garuruwa a birnin Hamburg, mai sassa na ƙasashe daban-daban. Shi ya ce in yanki tikiti ta intanet tun kafin in taso, da ranar shiga da sa'arta, domin wanda ya zo haka kawai yana iya shan dogon jira.

Mun sauka daga jirgin ƙasa na cikin gari, layin U3, a tashar Baumwall, muka haye gada zuwa Speicherstadt, unguwar tsofaffin sito-sito na jan bulo da aka fara ginawa a 1883 a kan turakun itace cikin ruwa. Nan ake ajiye kofi da shayi da kayan ƙamshi da darduma a da, kuma UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihi na duniya a 2015. Ban kai ƙofar da na zo dominta ba na tsaya ɗaukar hoton bango. Bulon nan ba ja ɗaya ba ne. Kusa da ruwa ya yi baƙi, gansakuka ta hau shi, a ƙarƙashin kowace taga akwai sawun da ruwan sama ya bari, rufin tagulla kuma ya koma kore. Gidajen da ke kan teburina ja ɗaya ne fes tun daga tushe har sama, yadda suka fito daga kwali. Sai da ƙanina ya ce, "Yaya, lokacinmu fa zai wuce," sannan na mayar da waya aljihu.

Tagwaye ne suka kafa Miniatur Wunderland, Frederik da Gerrit Braun. Tunanin ya zo wa Frederik ne a wani shagon kayan jiragen wasa a Zurich a shekarar 2000, aka buɗe a 2001, kuma har yau ba su daina ƙara sassa ba. Ma'aunin da suke aiki da shi shi ne H0, wato 1:87, ma'ana an rage girman komai sau 87. A wannan ma'auni cikakken mutum bai wuce santimita 2 ba, tsakanin ƙarafan diga biyu kuma milimita 16.5 ne. Ma'aunina ke nan, shi ya sa duk inda na duba ina ganin kayan da na sani, har wasu gidajen na gane kamfanin da ya yi su. Hannun da ya taɓa su ne ya bambanta.

Sashen Suwizalan, wanda aka buɗe a 2007, shi ya fi cin lokacina. Sun fasa silin tsakanin hawa biyu don dutsen Matterhorn ya samu wurin tsayawa, tsayinsa kusan mita 6, mutum yana bin matakala yana hawa ta jikin tsaunukan. Na manna fuskata kusa da dutsen har numfashina na taɓa shi. Ba toka zalla suka shafa ba. Cikin tsaga akwai duhu, kan tudu akwai haske, wani wurin ruwan ƙasa, wani wurin rawaya-rawaya inda ruwa ke gangarowa. A gindin kowane gangare sun zuba ɓaraguzan dutse manya da ƙanana, domin dutse na gaske yana zubar da jikinsa. Bishiyoyi suna raguwa, suna gajarta yayin da ake hawa, har a kai inda babu ko ɗaya. Nawa tsaunin na gida ciyawa ce kore shar har ƙololuwa, bishiyoyin kuma kansu ɗaya.

Mun biya ƙarin kuɗi muka shiga zagayen bayan fage, kuma ban yi da-na-sanin ko sisi ba. Ta ciki dutsen nan mai ban tsoro katako ne da ragar waya da filasta, sai wayoyin lantarki a ɗaure a jere, da tashoshin ɓoye inda jirage ke tsayawa su jira layinsu. Duk mai gini a gida ya kamata ya ga wannan. Ko'ina sun bar ƙofar da ma'aikaci zai kutsa ya ɗauko taragon da ya sauka daga diga. Kyan da ke sama bai hana su tunanin ranar gyara ba.

Duk minti 15 dare yana yi a ciki. Fitilun silin su yi ja, su koma shuɗi, sai garuruwan su kama da wuta. Mutane suna ta ɗaga waya, ni kuwa tagogi nake ƙirgawa. A gida ɗaya za ka ga taga biyu da haske, uku a kashe, wata kuma hasken talabijin ne ke wulƙawa a ciki. Bangon gidajen ba ya ƙyalli. Wanda ya taɓa sa ƙwan lantarki ɗaya a cikin gidan roba ya san yadda ginin gaba ɗaya ke haskakawa, bango da rufi duka. Maganinsa a shafa baƙin fenti ta ciki, a raba ɗakuna da kwali, a toshe duk kafar da haske zai tsere. Aiki ne na haƙuri da ba wanda zai gani da rana.

A Knuffingen, garin da suka ƙirƙira, motoci suna tafiya da kansu, suna tsayawa a danja, suna kunna sigina. Akwai siririyar waya a ƙarƙashin titi, ɗan maganaɗisu da ke gaban motar yana binta yana juya tayoyi. Lokaci-lokaci gobara takan tashi, hayaƙi ya fito, motocin kwana-kwana su fito da jiniya. Filin jirgin saman da suka buɗe a 2011 nan ne cunkoso ya fi yawa, kuma nan na ga rashin ta-ido: ƙato da shi zai tokare gaban yaro ya yi minti goma yana ɗaukar bidiyo. Sashen Las Vegas bai burge ni ba, walƙiya ce kawai. Na Sikandinebiya yana da ruwa na gaske, lita 30,000, jiragen ruwa na yawo a kai. Abin sha'awa ne, amma ba zan kwaikwaya ba. Ruwa ba ya ƙanƙancewa zuwa 1:87, motsinsa yana tona asirin girmansa, ga danshi da ke cin katako da ƙarfe. A teburin gida gara a fente gindin kogi, tsakiya duhu, baki-baki haske, a zuba ruwan roba mai daskarewa a kai. Sai dai in gargaɗi mai zuwa da yara: a cikin gonaki da bayan bishiyoyi sun ɓoye wasu 'yan mutane cikin yanayin da bai dace ba. Su a wurinsu raha ce, ni ban ga abin da ta ƙara wa aikin ba.

Shagon da ke bakin fita ya nuna mini cewa wannan sha'awa tana da tsada ko a ƙasar da ake ƙera kayanta. 'Yan mutum-mutumin roba na kamfanin Preiser, guda biyar ko shida a ɗan akwati, kuɗinsu ya sa na mayar da su inda na ɗauko. Da hannu ake fente su, na yarda, amma tasha ɗaya tana cin mutum hamsin ba ta cika ba. Marasa fenti da ake sayarwa da yawa a kwali ɗaya sun fi araha nesa ba kusa ba, su na saya daga baya.

Ran Lahadi shaguna a rufe suke a Jamus, sai ƙanina ya gano ana kasuwar gwanjon kayan jirgin wasa a wani zaure a bayan gari. Yawanci tsofaffi ne, kowa da teburinsa. A ƙarƙashin wani tebur na hango kwali cike da tsofaffin 'yan gidajen roba na kamfanonin Faller da Kibri da Vollmer, wasu rufi ya ɓalle, wasu gam ya yi rawaya a jikinsu. Dattijon mai teburin ya ce Yuro 30. Ƙanina ya raɗa mini cewa a nan ana tayi, amma ba a raba kuɗi biyu, raini ne a wurinsu. Na taya 20, muka tsaya a 25. Yana ɗaure kwalin ya tambayi me zan yi da karyayyun gidaje. Na nuna masa hoton teburina. Ya daɗe yana kallo, ya ja hoton da yatsa ya ƙara girmansa, sannan ya ce wa ƙanina mu zo gidansa gobe da ƙarfe uku.

Uku saura minti biyar muna ƙofa. Matarsa ta buɗe, ta nuna mana inda za mu ajiye takalma, ya ja mu zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Nasa shimfiɗin bai kai nawa girma ba. Tasha ɗaya ce ta ƙauye, da gada, da wurin tsaga katako, da gidaje ƙalilan. Amma na tsuguna na kalle shi daidai tsayin diga, idona ya yarda da shi fiye da wasu sassan Wunderland. Na ce, "Baba, me ka yi wa wannan wurin?" Ƙanina ya fassara, dattijon ya ɗauko ɗaya daga cikin gidajen da ya sayar mini.

Ya tsarma baƙin fenti da ruwan ƙasa a ruwa har suka zama ruwa-ruwa, ya ɗiga sabulun wanke kwano, ya shafe bangon gaba ɗaya. Fentin ya gangara cikin layin bulo, ya goge saman da tsumma. Ya kankare allin zane mai launin tsatsa da wuƙa, ya dangwala garin da busasshen burushi, ya ja shi daga bututun hayaƙi zuwa ƙasa, daidai hanyar da ruwan sama zai bi. Daga ƙarshe ya taɓa burushi a farin fenti, ya goge shi a takarda har ya kusa bushewa, ya shafa a kusurwoyi da gefen rufi. Kafin kofin da matarsa ta sauko mana da shi ya huce, gidan roba mai sheƙi ya zama gidan da aka daɗe ana zaune a ciki.

Sannan ya nuna mini ciyawa. Ba ya fara ta a kan farin soso ko filasta. Sai ya shafa fenti ruwan ƙasa, ya barbaɗa ƙasa ta gaske da ya gasa a tanda ya tankaɗe. A kanta ya shafa gam nan da can, ya soka ƙusa, ya maƙala mata wayar wata na'ura ta kamfanin Noch mai rariya a baki, ya girgiza. Cajin lantarki ya sa zarurrukan suka faɗa cikin gam a tsaye, kamar tsiron gero bayan ruwan farko. Gajeru na milimita 2 ya fara zubawa, ya bi da na milimita 6 a wasu wurare, kore gauraye da launin busasshiyar ciyawa, ya bar ƙasa a fili inda ƙafa za ta riƙa bi. Tsakuwar diga ma a bushe yake zuba ta, ya daidaita da burushi, ya jiƙa da feshi, sannan ya ɗiga gam ɗin kafinta da aka tsarma da ruwa.

Gidajen da ke can baya a kan tudu na ma'aunin N ne, 1:160, ƙanƙantarsu ce ke sa ido ya ɗauka suna da nisa. Ya ce kada tebur ya wuce inda hannu zai kai, kada hawa ya wuce santimita 3 a kowace mita in ana son kan jirgi ya ja taragai ba tare da santsi ba. A kan hotona kuma ya gaya mini gaskiya ba kwana-kwana: gidaje sun yi yawa, in cire rabi in bar fili ya sha iska. Da za mu tafi ya haɗa mini tsohuwar na'urar ciyawarsa, da mazubin roba na zuba filasta a fitar da siffar dutse, da bishiyoyi da ya murɗa da wayar tagulla. Na ciro kuɗi, ya ɓata fuska ya ture hannuna. Jamusawan nan da ba sa gaisawa a jirgi, amma ga abin da ɗayansu ya yi wa baƙon da ya gani jiya.

Daga nan na gangara kudu zuwa Göppingen, garin Märklin, kamfanin ƙera jiragen ƙasa na wasa da ya faro a 1859. Gidan tarihinsu yana da tsofaffin jiragen gwangwani da 'yan mitsi-mitsin ma'aunin Z, 1:220, da suka fito da shi a 1972. Wurin masu son kan jirgi ne, ni kuwa hankalina ya riga ya koma ga ƙasa da bango. A hanya ta taga na lura tsakuwar diga ta gaske launin tsatsa ce, ba toka ba.

A filin jirgin saman da na sauya jirgi a hanyar dawowa wani jami'in bincike ya ga na'urar ciyawa da ledojin zare da garin alli, ya zazzage jakar a kan tebur ba ko sannu. Ina ƙoƙarin yi masa bayani yana ɗaga mini hannu in yi shiru, ya damƙi bishiyoyin dattijon da hannu ɗaya ya matse. Wata babbarsu ce ta zo ta duba, ta gane ko mene ne, ta ce in tattara kayana in wuce. Bincike aikinsa ne, ban ƙi ba, amma ba a ce ya wulaƙanta mutum ba. Bishiya uku sun lanƙwashe, ganyensu ya zube. Da yake na waya ne za su miƙe, ganyen ne sai na sake manna wani.