Ritaya da wuri a bakin teku: lissafin da za a yi tun daga Abuja

Mata da miji da ke shirin ajiye aiki kafin shekara 50 su koma Malindi ko Mombasa a Kenya, su fara duba asusun fanshonsu. A dokar fanshon Najeriya ta 2014, wanda ya bar aiki kafin 50 kashi 25 cikin ɗari kawai zai iya cira, shi ma sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Sauran sai ya cika 50. Kuma da naira ake biya, alhali haya da magani a can da shilin ne. Faɗuwar naira daga 2023 ta isa ishara: ba a dogara da hayar gidan da aka bari a unguwar Gwarimpa ta Abuja ita kaɗai.

Izinin zama na Class K a Kenya na buƙatar shekara 35 zuwa sama da tabbataccen kuɗin shiga na dala 24,000 a shekara, kuma bai ba da damar yin aiki ba. Baƙo ba ya mallakar fili dindindin, sai dai haya ta shekara 99 mafi yawa.

Ni a ganina kada a sayi gida da farko. A kama haya a yi daminar Afrilu zuwa Yuni tukuna. Iskar teku mai gishiri ce, tana cinye ƙarfen taga, na'urar sanyaya ɗaki da ƙasan mota. Tufafi a durowa sukan yi funfuna, wanda ya saba da sanyin Jos kuwa zai sha gumi. Masallatai da naman halal ba matsala a gaɓar, amma inshorar lafiya a tabbatar ta haɗa da kai mara lafiya Nairobi.