Inda itace ke salwanta kafin ya iso Kasuwar Katako

Kusan duk katakon da muke sayarwa a Kasuwar Katako ta Laranto ba a kan tudun Jos ya tsiro ba. Saman Filato ƙasa ce ta ciyawa da duwatsu. Abin da muke da shi da yawa shi ne itacen turare, wanda aka yi ta shukawa tun zamanin Turawa a filayen da haƙar kuza ta lalata, shi kuwa amfaninsa a wurinmu bai wuce sandunan da magina ke tokare kankare da su ba. In ana son katakon ƙofa ko gado ko rufi, sai an gangara Akwanga da Wamba da Lafiya, ko kudancin Filato, ko Taraba da Binuwai. Can ake samo madaci da kawo da maje da doka da malaina. Fararen itatuwa masu laushi irin su obeche da afara kuma daga Kudu suke zuwa, Edo da Ondo da Kuros Riba.

Ina da rumfa a kasuwar, da injin sakula na tsaga, da injin goge katako, da yaran da ke aiki tare da ni. Ba ni ke sare itace ba, amma kuɗina ne ke shiga daji tun kafin kaya su fito, shi ya sa dole in san yadda ake aikin can.

Aikin daji gaba ɗaya a hannun ofareta yake, mai riƙe da injin sarƙa. Wanda suka fi so shi ne Stihl 070, tsohon samfuri mai nauyi, mai shan fetur da aka gauraya da man inji, wanda kowane makaniken ƙauye ya san cikinsa. Ofaretan kirki ba ya tayar da inji sai ya zagaya itacen ya ga inda ya karkata, da inda rassa suka fi nauyi, da inda iska ke kaɗawa. Daga nan ya yanke baki a gefen da yake so itacen ya faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin. Sai ya koma baya ya yanka, ɗan sama da bakin farko, amma ba ya haɗe yankan biyu. Yana barin ɗan tsakani wanda ke riƙe itacen yana jan shi ya kwanta inda aka nufa. Wanda ya yanke tsakanin nan ya saki itacen ne ya faɗi inda ya ga dama, a nan ake rasa rai, a nan kuma gungume ke tsagewa tun daga gindi. Abin da ke damuna shi ne mafi yawansu ba hular kwano, ba abin toshe kunne, wani ma da silifa yake aiki. Na san dattawan ofaretoci da sai ka ɗaga murya suke jin ka.

Kayar da itace da injin sarƙa daidai ne, don haka aka ƙera shi. Matsalar tana farawa ne bayan itacen ya kwanta. Da yake babu hanyar da mota za ta bi ta ɗauko gungume, a nan inda ya faɗi ake tsaga shi. A yanka shi ƙafa 12, a jiƙa zare da baƙin mai a ja a saka layi, ofareta ya hau ya bi layin da ido da hannu. Sarƙar tana cin kusan milimita 9 a kowane yanka. Katako mai kaurin inci 1 kuwa milimita 25 ne. Ke nan idan fale-falen inci 1 ake fitarwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na itacen ya zama dusa a ƙasa. Wannan kafin a yi maganar gefe huɗun nan masu ɓawo da ake zubarwa don a sami kusurwa, da saman itacen da manyan rassa da ake bari don ba su kai ƙafa 12 ba. Kuma hannu ba ma'auni ba ne. Falle ɗaya sai ka auna wannan kai inci 2, wancan kai ya ɗara ko ya gaza. Idan ya zo rumfata sai na sake ci da sakula, na sake ci da injin goga, kafin ya miƙe. Itace ɗaya ana biyan kuɗin dusarsa sau uku.

Ba na ɗora wa ofareta laifi. Ɗanyen fallen madaci mai inci 2 da inci 12 da ƙafa 12 nauyinsa ya kai na buhun siminti, kuma a ka 'yan dako ke fito da shi zuwa inda tarakta ko mota za ta iya tsayawa. Gungumen da ba a tsaga ba wa zai ɗauke shi? A Kudu suna da tsofaffin motoci masu winci da igiyar ƙarfe da ke jawo gungume su ɗora. A ɓangarenmu da wuya ka ga irinsu. Sai tsohuwar Marsandi 911, ita ce jakar wannan sana'a. Da damina ta kafe a rafi, kaya su kwana a daji ruwa na dukansu. Ga kuɗin takardar malaman daji, ga shingaye a hanya, kowa da abin da yake karɓa. Sannan ga Hawan Kibo, doguwar hawar dutse da ake bi a hau tudun Jos. Direban da ya yi lodin ɗanyen katako fiye da kima ya san abin da ke jiransa a hawan nan, mu kuma da muke jiran kaya ba ma samun natsuwa sai ya kira ya ce ya haye. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin man ofareta ya ninka, na mota ma bai tsaya ba.

A manyan wuraren tsaga na Kudu injin CD suke amfani da shi. Zartonsa ɗamara ce ta ƙarfe siririya mai zagaya ƙafafu biyu. Ana ɗaure gungume a ƙasa, injin ya bi kan dogo ana tura shi, ya yanko falle a kwance, a sauke shi daidai awo a sake bi. Abin da yake ci bai wuce milimita 3 ba, wato wajen kashi ɗaya cikin goma a fallen inci 1. Kaurin katakon ɗaya ne daga kai zuwa kai, gefen da aka yanke ma ana fitar da tubaitu, wato katakon inci 2 da inci 2, daga cikinsa. Ran injin yana hannun mai gyaran zarto, wanda suke kira dokta: shi ke wasa haƙora, ya buɗa su, ya yi waldar inda ya tsage. Zarton da bai ga dokta ba yankansa zai riƙa hawa da sauka.

Yara kan nuna mini bidiyon injinan Finland da Suwidin a waya, inda inji ɗaya ke kama itace ya yanke ya share rassa ya auna ya gutsuttsura, wani ya biyo ya kwashe. Suna da kyau, amma an yi su ne don daji mai itatuwa miƙaƙƙu masu kusan kauri ɗaya. Namu madaci ɗaya a nan, na biyu sai ka tsallake rafi. Ba su ne buƙatarmu ba.

Abin da ya rage a hannunmu a kasuwa shi ne busarwa, kuma a nan ne nake yawan jayayya da kafintoci. Wani zai zo ya ce, "Alhaji, a ba ni na jiyan nan, mai aiki yana matsa mini." In ce masa, "Malam, ɗaga ka ji nauyinsa, ruwa ne a ciki. Ka yi ƙofa da shi yanzu, hunturun Jos na shigowa za ta buɗe baki, kuma sunanka za a kira." Katako yana son a jera shi a inuwa, sama da ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, a bar shi watanni. Obeche kuma in ya daɗe a jiƙe sai ya yi baƙi-baƙi, ƙwari su shige shi. Kuɗi ne ke kwance, na sani, amma wanda ya sayi busasshe a wurina yana dawowa. Dusa da ɓawon goga ba ma zubarwa, masu kiwon kaji na Jos suna kwashewa don shimfiɗa.

Abin da ya sa nake ta maganar milimita shi ne itacen yana ƙarewa a gaban idonmu. A da falle mai faɗin inci 12 ba abin nema ba ne. Yanzu inci 10 da 9 suka fi zuwa, alamar ƙananan itatuwa ake kayarwa. Mun ga abin da ya sami madobiya, wadda 'yan Taraba ke kira Madrid: cikin 'yan shekaru aka kwashe ta a kwantena zuwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa mata takunkumi daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A taron CITES na Panama a 2022 madaci da kawo ma sun shiga jerin waɗanda ake sa wa ido. Dajin tik na Nimbiya da ke kan hanyar Kafanchan mutane ne suka shuka shi, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya nan cikin Jos tun 1958, don haka sanin yadda ake shuka bai gagare mu ba. Amma tik yana ɗaukar shekaru da dama kafin ya isa yanka, gyara yadda muke tsagawa kuwa ana iya fara shi bana.

Akwai ƙananan injinan ɗamara irin na Wood-Mizer da ake ja da mota, masu aiki da fetur ko dizal, ba ruwansu da wutar lantarki. Kuɗinsu ya fi ƙarfin mai rumfa ɗaya irina, shi ya sa nake zuga maƙwabtana mu haɗa hannu mu sayi ɗaya, mu girke shi a wani gari na bakin titi wajen Akwanga. Ofareta ya kayar ya yanka ƙafa 12, tarakta ta jawo gungumen, a tsaga a can. Wasu sun amince, wasu suna tsoron rigimar haɗaka da tsadar zarto. Ni dai na riga na tura ɗaya daga cikin yarana ya zauna wurin wani dokta yana koyon wasa zarto, don ko an sayo injin gobe, ba zai yi aiki ba sai da mai gyara masa haƙora.