Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jaruman Katun da Baƙuwar Inna

Makon jiya na tsaya inda daraktanmu na lakwal a Tawa ya ce katun wasan banza ne, ba karatu ba. Har yau maganar tana ci mini rai. Ya manta cewa tun 1964 aka fara koyar da yaran Nijar ta tele a Yamai, kafin a haife shi.

Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce: "Kalma baƙuwa ce, in ba ta kwana uku a gida ba, ba ta gane hanyar dawowa." Duk aikin koya wa yara sababbin kalmomi da katun a kan wannan yake tsaye.

Akwai katun ɗin Amurka da tashar PBS ta fara nunawa a 2007, WordGirl, yarinya mai tashi sama tana kama mugaye. Kowane labari kamar minti 11 ne, sababbin kalmomi biyu kacal a ciki. Mugu ya yi amfani da kalma a karkace, jarumar ta tsaya tsakiyar faɗa ta gyara masa. Da Ingilishi yake, amma dabarar tana aiki da Faransanci ko Hausa.

Kafin a kunna, a faɗa wa yara kalmomin biyu, a rubuta su a allo da alli. Kallon farko ba a tsayarwa, a bar su su sha daɗi. A na biyu, da zarar jaruma ta furta kalmar sai a tsayar da hoton, a tambaya: me take nufi, me kuka gani a fuskar mugun? Kowane yaro ya ƙulla jimla tasa, da akuyar gidansu ko kasuwar Lahadi, ba da birnin cikin tele ba. Sannan ya rubuta a kaye. Washegari a nemi kalmar a bakinsa wurin cin tuwo, jibi ma haka. Kwana ukun Inna ke nan.

Inda abin ke lalacewa na gan shi sau ba adadi. Salula ɗaya ga yara goma: na gaba suna kallo, na baya suna dambe. Huɗu sun isa. In an bar intanet a buɗe, wani katun ya biyo wani har shida, da safe yaro yana tuna naushi da tsalle, kalma ko ɗaya babu. A sauke labari ɗaya, a kashe intanet. In muryar Faransanci ta yi sauri, a rage gudunta. Ƴan shekara 2 zuwa 4 kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kallonsu ya wuce awa ɗaya a rana.

Darakta bai taɓa zama ya ga ko darasi ɗaya ba. Ta taga ya leƙo, ya ji dariya, ya yanke hukunci. Da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, shi na fara tunawa, sai Inna. Ina ma a samu jaruma mai ɗankwali da za ta tsaya tsakiyar faɗa ta bambanta wa yaro "dauri" da "ɗauri".

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma shekarar da aka mayar da ni Yamai, da takardar da ta biyo ni can.