Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gonar fitilu a hamada

Makon jiya na tsaya a inda aka tura ni horon aikin sola a Alice Springs, can tsakiyar Ostireliya. Da aka ba mu hutu, abokan karatu suka ce sai mun je Uluru, wani ƙaton dutse a cikin hamada, tafiyar kusan kilomita 450 a mota.

Mun kwana kusa da dutsen, tun kafin asuba aka ɗauke mu daga masauki. Watan Yuli ne, su kuwa lokacin hunturunsu ke nan, sanyi har cikin ƙashi. Muna hawa wani tudun rairayi na tsaya cik. Fitilu dubu 50 ne shimfiɗe a ƙasa, kowace ƙwallon gilashi ce a kan siririn kara, kamar gonar dawa ta fid da kai, suna juyawa a hankali daga ja zuwa shuɗi zuwa fari. Wani Bature ɗan Ingila, Bruce Munro, ya yi aikin, aka buɗe shi a 2016, a ƙasar Anangu, mutanen da dutsen yake nasu tun kaka da kakanni. Da gari ya fara wayewa na raɓe gefe na yi salla. Ina sallamewa na ga dutsen, mai tsayin mita 348 daga ƙasa, ya fito jawur, fitilun kuma suna dusashewa.

Mai sana'a ba ya rasa leƙe. Na durƙusa na duba: ba ƙwan lantarki a cikin gilashin, siraran zaren gilashi ne ke kawo haske daga injunan da ke shan wutar da faifan sola suka tara da rana. Abin da muke haɗa wa mutane a unguwannin Zango da Garin Malam na Damagaram ne, sai dai nan an yi shi don ido kawai.

Da na dawo Damagaram, a zauren gidanmu na Birni na nuna wa Baba hotunan bayan isha'i, ga shi an ɗauke wuta. Ya daɗe yana kallo.

"Duk wannan haske, ba yaro ko ɗaya da ke karatu a ƙarƙashinsa?"

"Babu, Baba. Kallo kawai ake zuwa yi."

"Allah mai iko. Ranar tasu ta fi tamu zafi ne?"

"Wallahi ba ta fi ba, Baba."

Tambayarsa ta farko gaskiya ce, na san almajiran da ke wanke allo a duhu. Amma har yau ina ganin yaran Damagaram sun cancanci duka biyun, fitilar karatu da abin da za su kalla ransu ya yi fari.

Washegari na kwaso tsofaffin batura da faifai biyu da ke shagona, na nufi makarantar allon unguwarmu. Yadda muka kwashe da Malam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.